Kafin ka sayi bindiga, wa zai koya maka riƙe ta?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure. Ya sayar da riɗinsa na bana, 'yan kuɗi sun shigo. Ya ce, "Kawu, shawara na zo nema. Ina so in mallaki ƙaramar bindigar hannu, irin ta koyon harbi. Ta kamfani akwai tsada, amma wani maƙeri ya ce zai haɗa mini a rabin kuɗin." Na ce, "Zauna tukuna, ɗana. Wa zai koya maka?" Sai ya ɗaga mini wayarsa. Wato Malam YouTube.

Ban yi masa dariya ba, don na san inda maganar ta samo asali. Mu nan Doka muna kan hanyar da ta tashi daga Gadarif zuwa Galabat, bakin iyakar Habasha, kuma manoman wannan yanki sun daɗe da sanin 'yan shifta, musamman in kaka ta yi. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, 'yan gudun hijira suka cika Gadarif, aka yi ta kiran matasa su fito sansanin horo don kare garuruwansu. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, amma bindigogin da suka shiga hannun jama'a ba su koma ko'ina ba. Yaron da ya tashi cikin wannan hali, in ya ce yana son bindiga, ba iskanci ba ne. Tsoro ne.

Kuma a gaskiya rabin tunaninsa daidai ne. Bindigar da yake nufi ita ce mai cin harsashin da ake kira .22 LR, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1887. Faɗinsa kimanin milimita 5.6 ne, kuma abin da ke kunna albarushinsa yana zagaye da gefen gindin kwanson, ba a tsakiya ba kamar na sauran harsasai. Albarushin kaɗan ne, saboda haka ƙararta ba ta da yawa, ba ta kuma tokarin hannu sosai. Wannan shi ne amfaninta ga mai koyo. Wanda aka fara miƙa wa babbar bindiga, tun harbin farko yake koyon runtse ido da fizgar kunama, kuma wannan ɗabi'a wuyar bari gare ta. Da ƙaramar kuwa, zai natsu ya koyi tsayuwa, da riƙo, da saiti. Shi ya sa har a gasar Olamfik, da irinta ake harbin nisan mita 25.

Inda muka rabu da shi, wuri uku ne.

Na farko, ƙarama ce amma ba abin wasa ba ce. Da irin wannan harsashi aka kashe Robert Kennedy a 1968, da shi kuma aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981. In an harba shi sama-sama yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. To, a ina zai yi atisayen? Bayan gari, inda mata ke itace, yara ke kiwon awaki?

Na biyu, batun maƙeri. Ina girmama maƙeranmu, su ke yi mana fartanya da lauje. Amma ƙarfen da zai riƙe wutar albarushi sai an gwada shi a masana'anta, kuma bindigar gargajiya sau da yawa ba ta da abin da zai hana ta tashi in ta faɗi ƙasa. Na san wani magidanci da irinta ta fashe masa a hannu, yau da yatsu uku yake cin tuwo. Arha ba ta ado, balle a kan abin da ke iya ɗauke rai. Ban da haka, dokar makamai da harsasai ta Sudan ta 1986 ta shar'anta lasisi kafin a mallaki bindiga, kuma babu ofishin da zai ba ka takarda kan abin da aka ƙera a ɓoye. Yau ana iya kawar da kai saboda yaƙi. Gobe fa?

Na uku shi ne wanda ya fi hana ni barci. Bindigar da ke ƙarƙashin katifa ba ta jiran ɓarawo kaɗai. Tana nan ranar da aka yi cacar baki kan iyakar gona, tana nan ranar biki da samari ke son burge 'yan mata da harbin iska, tana nan ranar da ɗan shekara bakwai ya shiga ɗaki neman ƙwallonsa.

Ra'ayina shi ne, bindigar koyo ta zama ta wurin koyo, ba ta gida ba. Hukumar jiha da 'yan sanda su ware fili nesa da gari, mai tudun ƙasa a bayansa, su ajiye 'yan waɗannan ƙananan bindigogi a ma'ajiya, a ƙirga harsashi a shiga, a ƙirga kwanso a fita. Darasin farko kuma kada ya zama harbi. A fara da ladubba: ka ɗauka kowace bindiga da harsashi a ciki, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka nufin harbi, ka ɗauke yatsa daga kunama sai ka shirya, ka san abin da ke bayan abin da ka saita. Wanda bai ci wannan jarrabawa ba, kada a saurari maganar lasisinsa.

Na san abin da wasu za su ce, don shi ma ya faɗa mini: "Kawu, wannan maganar lokacin zaman lafiya ce." Ni kuwa na ce yanzu ne ma aka fi bukatarta. Ƙaramar bindigar hannu ba za ta tare motar yaƙi ba, kowa ya sani. Abin da horo zai yi shi ne ya rage waɗanda muke binnewa da hannunmu saboda kuskure. Mu tuna kuma, a 2017 gwamnati ta yi gangamin ƙwace makamai a Darfur, ga shi kowa ya ga inda aka kwana. Raba bindiga kwana ɗaya ne, tattara ta kuwa sai an shekara ana fama.

Ɗan ƙanwata bai ce ya yarda da ni duka ba. Amma ya yi mini alkawarin ba zai koma wajen maƙerin nan ba, kuma kuɗin riɗin ya ba mahaifiyarsa ajiya. Da zai fita ya juyo ya ce, "To Kawu, in an buɗe filin, kai za ka raka ni." Na ce in sha Allahu. Saura waɗanda ke da ikon buɗewa su ji.