Raddi ga Masu Fifita Rangwamen Haraji a Kan Tsaron Jama'a a Gwandu da Kalgo

Akwai ra'ayin da ke cewa ƙananan hukumomi irin su Gwandu da Kalgo ya kamata su yi wa manyan masu zuba jari rangwamen haraji, wato su yafe musu kuɗaɗen da doka ta ba hukuma damar karɓa, sannan su rage abin da suke kashewa a kan 'yan sintiri da fitilun titi da kayan kashe gobara, tun da tsaro aikin gwamnatin tarayya ne. Masu wannan ra'ayi suna nufin alheri, domin rashin aikin yi ya addabi matasa, sai dai hujjojinsu huɗu ba su tsayu ba idan aka auna su ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a Najeriya, saboda haka babu ruwan ƙaramar hukuma da tsaro. Amsa ita ce sashe na 14 na kundin ya sanya tsaro da walwalar jama'a su zama babban dalilin kafa gwamnati, bai kuwa keɓe wani mataki ba, kuma Jadawali na Huɗu, wanda ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da hanyoyi da magudanun ruwa da fitilun titi. Kasuwar da aka haskaka, da hanyar da motar kwana-kwana za ta iya bi, da labarin baƙuwar fuska da ke tashi daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa uban ƙasa, duk tsaro ne, kuma babu wanda zai tsaya musu a garuruwan yankin irin su Kambaza ko Diggi in ba majalisar ƙaramar hukuma ba.

Hujja ta biyu ita ce rangwame ne ke jawo masana'antu. Wannan ya ginu ne a kan rashin bambance nau'o'in haraji, domin harajin ribar kamfani, wanda shi ne ke da nauyi a lissafin mai jari, na tarayya ne, kuma hutun haraji na shekara 3 zuwa 5 da dokar 1971 ta tanadar wa sababbin masana'antu tarayya ce ta riƙa bayar da shi. Abin da ke hannun Gwandu da Kalgo shi ne kuɗin rumfa da na shago da na tasha da makamantansu, waɗanda yafe su ba zai sauya shawarar mai kafa injin casar shinkafa ba, alhali rashinsu zai bar giɓi a asusun hukuma. Kamfanin casar shinkafa na Labana a Birnin Kebbi da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 sun zauna ne inda fadama ke ba da shanshera, kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza da babban asibitin Kalgo suna jawo masu shaguna da masu gidajen haya ne saboda taruwar jama'a, taruwar da ba ta ɗorewa sai da aminci.

Hujja ta uku ita ce yankin yana zaune lafiya, fitina kuwa tana nesa. Ko da an sallama musu haka, sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yuni 2021, da harin 'yan bindigar Lakurawa a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, sun nuna cewa jihar Kebbi ta ɗanɗana masifa daga kudu da kuma arewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kuɗin rigakafi bai kai asarar manomin da ya bar gonarsa ba.

Hujja ta huɗu ta tarihi ce: sun ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki harajin sarakunan Hausa a littafinsa Kitabul Farƙi, har da abin da ake karɓa a kasuwa. Wannan gaskiya ne, amma abin da ya soka shi ne karɓar dukiyar talaka ba bisa shari'a ba domin amfanin masu mulki. Jagororin jihadin Shehu da kansu sun kewaye Gwandu da ganuwa bayan yaƙin Alwasa na 1805, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, irin su Wurno, inda noma da sana'a suka bunƙasa a bayan kariya. Darasin ya fi karkata ga sauƙaƙa wa mai tallan albasa da mai tura baro, ba ga yafe wa mai ƙarfi ba.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, duk da jan ƙafar da aka samu wajen zartarwa, alhakin zaɓi ya ƙara komawa kan shugabanni da kansiloli. Abin da ya wajaba a kansu shi ne su ware kason tsaro a kasafi tun farko, su tantance 'yan sintiri su sanya su ƙarƙashin kulawar 'yan sanda, kuma duk rangwamen da za su bayar ya kasance a rubuce, da wa'adi, da sharaɗin ɗaukar 'yan gari aiki, a karanta shi a zauren majalisa domin jama'a su san abin da aka yafe da abin da za su samu a madadinsa.