Ankon Ƙawayen Amarya: An Mayar da Zumunci Haraji

Duk mazaunin Hanukope ko Agoe-Zongo ya san alamar ƙaratowar azumi tun kafin watan Sha'aban ya tsaya. Katunan gayyata su yi ta yawo gida-gida, teloli su daina ɗaukar waya, 'yan mata kuma su shiga wani zullumi da ba sa iya bayyana wa iyayensu. Haka abin yake dawowa bayan ƙaramar Salla da bayan Layya, lokutan da aure ke yawaita a cikinmu. Sanadin zullumin kuwa shi ne anko. Maganata a yau ita ce, ankon ƙawayen amarya, a yadda muke yin sa yanzu a Lome, ya tashi daga ado ya koma haraji, kuma harajin ya fi faɗawa a kan waɗanda suka fi kowa rashin ƙarfi a cikinmu.

Bari mu fara da yadda ake yi, don kada wani ya ce ƙari na yi. Da zarar an sa rana, amarya da babbar ƙawarta sai su buɗe zaure a WhatsApp, su zuba duk wadda suka taɓa zama aji ɗaya ko layi ɗaya da ita. Sai a sako hoton yadi, a rubuta kuɗinsa, a yanka wa'adi, a ba da lambar Flooz. Bayan kwana biyu a fara jera sunayen waɗanda suka biya, kowa na kallo. Wadda sunanta bai fito ba ta san idon mutum talatin na kanta. Da a ce yadi ɗaya ne, da da sauƙi. Amma akwai atamfar kamu, akwai ta ranar lalle, akwai leshin dina, akwai doguwar rigar walima, wasu har da kayan ranar ƙauyawa. Kowanne kuma yana jan nasa: kuɗin ɗinki, mayafi da ɗankwali masu shiga da kalar, takalmi da jaka, kuɗin mai kwalliya da mai ƙunshi, sannan kuɗin liƙi a filin rawa.

Yanzu mu ɗauki alƙalami. Mafi ƙarancin albashi a Togo, tun daga watan Janairun 2023, jaka 52 da rabi ne a wata, wato sefa 52,500. A ce an tausaya wa ƙawaye an tsaya a kala biyu, atamfa ta jaka 10 da leshi na jaka 25. A ce tela ya karɓi jaka 5 a kan ɗaya, jaka 8 a kan ɗayan. Mun kai jaka 48 ke nan, ba a sayi mayafi ba, ba a hau zemijan zuwa wurin biki ba. Albashin wata guda ya tafi a bikin mutum ɗaya. To su wa ake aika wa wannan lissafi? Ɗaliba ce da ke jiran kuɗin makaranta daga mahaifinta. Mai koyon ɗinki ce ko kitso, wadda ita ke biyan uwar ɗakinta kuɗin koyo, ba a biyan ta ko dala. Mai tallar fura ce ko waina, wadda ribarta ta yini ba ta wuce cefanen dare ba. Irin wannan yarinya tana iya samun gayyata uku tsakanin Rajab da Sha'aban.

Masu kare abin sukan fara da cewa al'ada ce. Sai mu tambaya, al'adar wa, kuma tun yaushe? Sunan da da yawanmu ke kiran sa, ashobi, kalmar Yarabawa ce, ma'anarta tufafin dangi. Daga Ikko da garuruwan bakin teku ya bazu, 'yan'uwanmu na zangunan Gana suka sa masa suna yayi, mu da mutanen Kano da Maraɗi muka ce anko. Aron ba abin kunya ba ne. Bahaushen zango ɗan hanya ne, kakanninsa sun ɗauko goro daga Gwanja, sun kai kanwa da fata da baƙin yadi, sun koyi harsuna da abinci da ado a duk inda suka sauke kaya. Abin tambaya shi ne me aron ya ture. Bikin Hausawa yana da nasa tsarin taimako tun asali, shi ne gudunmawa. Kowace mace ta kawo abin da ta iya, kuɗi ko kwano ko sabulu ko tabarma, uwar biki ta riƙe a ranta ko a rubuce, ranar bikin waccan ta rama har da ɗan ƙari. Mai bayarwa ce ke yanke adadi gwargwadon ƙarfinta. A tsarin anko kuwa mai karɓa ce ke yanke wa kowa, kuma kuɗi ɗaya take yankawa ga 'yar Alhaji mai shaguna a Asigame da marainiyar da ke zaune gidan kawunta.

Haka kuma aikin ƙawa a da sananne ne. Ita ke kwana da amarya a ɗakin lalle, ita ke lallashin ta idan ta yi kuka, ita ke raka ta ɗakin miji, ita ke tsayawa a yi cinikin sayen baki da abokan ango, ita ke komowa bayan kwanaki ta ga yadda ta kwana. Ƙawance abu ne da ake ginawa da shekaru da sirri da ziyarar rashin lafiya. Yau an taƙaita shi a tambaya ɗaya, kin biya ko ba ki biya ba.

Ba zan hana anko hakkinsa ba. Mu tsiraru ne a wannan birni. Ranar da mata arba'in suka fito cikin zane iri ɗaya suka bi layin Hanukope da guɗa, maƙwabtanmu Ewe da Mina sukan tsaya su kalla, su san cewa wannan amarya tana da mutane. Akwai daɗi a cikin haka, akwai kuma kariya. Ban da wannan, asalin hikimar tufafi iri ɗaya ita ce rufin asiri: idan kowa ya sa atamfa guda, ba a gane mai shi da marar shi. To wannan hikimar ce muka kifar. Yanzu a biki ɗaya akan fitar da anko hawa-hawa, leshi mai duwatsu ga ƙawayen ciki, atamfa mai sauƙi ga sauran jama'a. Da ka shiga rumfa, tufafi sun riga sun gaya maka matsayin kowa. Masu leshi su ke kujerun gaba, su ke shiga hoto, su ake miƙa wa robobi da kalanda da abinci mai nama. Wadda ta zo da tsohon zanenta mai tsabta, ko da ita ta yi jinyar uwar amarya bara, sai ta raɓe a baya kamar 'yar cin arziki. Abin da aka aro don ya daidaita mutane ya zama ma'aunin da ake tankaɗe su da shi.

Sai maganar riba, wadda kowa ya sani amma ba a son faɗa. Da yawan masu fitar da anko sukan sayo yadin a kan sari, su ɗora nasu, su ce da ribar za a rage hidimar biki. A wani gari wataƙila wannan ya ɓoyu. A Lome kuwa ina zai ɓoyu? Nan ne garin Nana Benz, matan da suka riƙe cinikin atamfar Holan ta kamfanin Vlisco shekaru da dama, har 'yan kasuwa daga ƙasashen yankin nan suka riƙa zuwa sari wurinsu. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta sa atamfar Holan ta fi ƙarfin talaka, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa, gobarar Janairun 2013 ta cinye ginin babbar kasuwa, amma har gobe yarinyar Hanukope tana iya takawa Asigame ta tambayi kuɗin turmi da bakinta. Tana sane sarai cewa abin da aka ce ta biya jaka 12, jaka 8 ne a can. Ta biya, ta yi shiru, ta haɗiye. Nana Benz sun yi arziki da mai saye wanda ke da ikon tayawa, ya ce albarka, ya wuce shago na gaba. Mai fitar da anko tana cin riba ne a kan mutanen da kunya ta ɗaure wa baki. Wannan ba ciniki ba ne, domin ciniki sai da yarda, kuma ba gudunmawa ba ce, domin gudunmawa ba a ɓoye ta a cikin kuɗin yadi.

Wani abin dariya ma shi ne taƙamar cewa kayan daga Kano aka yi odar su. Shekara da shekaru yadin da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Lome da ta Kwatano yana bin mota zuwa Nijar, ya tsallaka Nijeriya, ya sauka a Kantin Kwari. Sau da yawa abin da muke biya wa kuɗin mota ya zo mana daga arewa, ta ƙofar gidanmu ya wuce tun farko. Mun biya kuɗin tafiyarsa da na dawowarsa don kawai a ce ba na gida ba ne.

Za a ce ai ba dole ba ne, wadda ba ta da hali ta bari. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace rauni. Dole ba sai da sanda ba. A unguwar da kowa ya san kowa, inda uwarki da uwar amarya ke adashi ɗaya, inda gobe ke ma za ki nemi waɗanda za su cika miki rumfa, kalmar "ba ta yi mana anko ba" hukunci ce da ke bin mutum shekaru. Saboda gudun wannan kalma ake cin bashi. Saboda ita ake karɓar kwasar adashi tun lokaci bai yi ba, a kashe jarin sana'a a kan rigar yini ɗaya. Saboda ita matar aure ke tayar wa mijinta da hankali a watan da kuɗin haya ya cika. Mafi muni, saboda ita budurwa ke buɗe baki ta roƙi saurayi, ko wanda ma ba saurayinta ba, kuɗin anko. Iyayen da ke kukan lalacewar tarbiyya su tambayi kansu: yarinyar da ba ku ba ko dala ba, ta fito cikin leshin jaka 25, ina ta samo? Mun ga kwalliyar mun yaba, ba mu tambayi wanda ya biya kuɗin sabulun ba.

Za a kuma ce teloli da 'yan kasuwarmu na samun abinci a ciki. Gaskiya ne, kuma ba mai son a toshe wa ɗan'uwa hanyar abinci. Sai dai mace za ta ɗinka tufafi ko da anko ko babu, ga Salla biyu a shekara, ga suna, ga fita unguwa. Bambancin shi ne, abin da ta zaɓa da kanta za ta sa shi har ya tsufa. Ɗinkin anko kuwa, da kalar da ba ita ta zaɓa ba da salon da bai dace da ko'ina ba sai filin dina, sau ɗaya ake sa shi a jefa ƙasan akwati. Buɗe akwatin kowace budurwa a unguwar nan ka ƙirga jarin da ke kwance a ciki.

Abin da ya sa wannan magana ta fi mana nauyi fiye da mutanen Kano ko Katsina shi ne tarihinmu. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe jama'a zuwa wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa. Gidaje sun tafi, layuka sun ɓace, dangi sun rabu tsakanin sabon Zango da unguwannin cikin gari. Abin da bai rushe ba shi ne zumunci: suna da biki da jana'iza, da maigidan da ke saukar da baƙo, da amanar da ke sa a ba ɗan kasuwa kaya bashi ba takarda. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya wallafa littafi a 1983 a kan 'yan kasuwar Zangon nan, kuma kan maganarsa shi ne yadda kasuwancinmu da zumuncinmu suke a saƙe da juna. Bakano yana da gari guda a bayansa. Mu kuwa junanmu kawai muke da shi. Duk al'adar da ke sa talakanmu ya ji kunyar zuwa bikin ɗan'uwansa, tana warware igiyar da katafila ta kasa tsinkawa.

Laifin kuma ba na 'yan mata kaɗai ba ne. Uwaye ne ke cewa bikin 'yar wance an yi kala huɗu, nawa ba zai gaza ba. Maza ma sun shigo da nasu, shadda da hula iri ɗaya ga abokan ango. Malamanmu suna wa'azi a kan tsadar lefe da sadaki, amma da wuya ka ji an ambaci anko a wurin ɗaurin aure, alhali almubazzaranci da ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa duk abubuwa ne da addini ya yi magana a kansu.

Gyaran ba ya bukatar doka ko tara. Anko ya zama ɗaya tak a biki, ba hawa-hawa. A zaɓi atamfar da mai koyon sana'a za ta iya saya, wadda kuma za a iya sawa bayan biki. A faɗi sunan shagon da kuɗinsa na gaskiya, kowa ta je ta saya da kanta, wadda ke son taimaka wa amarya ta ba ta gudunmawarta a hannu da sunan gudunmawa. A daina jera sunayen waɗanda suka biya a zaure. Amaryar da ta nace sai leshi mai tsada ga ƙawayenta na kusa, ta saya musu daga aljihunta, tunda hotonta ne za a ƙawata. Abinci da kujera da kyauta kuwa a raba wa duk wanda ya tako, da anko ko ba anko. Sarakunan Zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata suna da bakin da za su faɗi wannan a ji, kuma ya fi kyau gidajen masu hali su fara, domin idan mai kuɗi ya sauƙaƙa sai a kira shi tawali'u, talaka ya samu inuwar fakewa.

Ke kuma amaryar da ke shirin buɗe zaure a daren nan, kafin ki tura hoton yadin, ki tuna da wadda ta fi kowa ƙaramin ƙarfi a cikin ƙawayenki, ki yanka kuɗin daidai da ita. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wadda ta tako ta zo bikinki ta riga ta biya abin da ke kanta.

Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya.