Ilimin Lantarki da Maganaɗisu Ba Hadda Ba Ne

Ana jin wata magana a bakin wasu matasan unguwar Zongo ta Wagadugu, wai darasin lantarki da maganaɗisu a jami'a haddar ƙa'idoji ce kawai da Faransanci, wai mai naɗin wayar fanka a bakin titi ya fi mai digiri amfani. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana korar yara masu basira daga fannin da Burkina Faso ke bukata.

Ɗalibin da zai karanta wannan darasi a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo ya shirya wa lissafi mai yawa, domin ginshiƙin fannin shi ne ƙa'idojin Maxwell, wanda ya wallafa aikinsa a 1865. Amma lissafin yana da aiki. A 1831 Faraday ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa naɗin waya ya sauya, lantarki yakan samu. A kan wannan aka gina janareta da taransifoma.

Mu dubi tashar hasken rana ta Zagtouli, a yammacin birnin, wadda aka buɗe a 2017 da ƙarfin megawat 33. Faifan sola yana ba da wuta mai tafiya gefe guda, taransifoma kuwa ba ta aiki da irinta, saboda maganaɗisun ba ya sauyawa. Dole sai an mayar da ita mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa kafin ta hau layin SONABEL. Haka kuma eriya: tashar da ke watsa shiri a kan megahaz 100, tsawon igiyarta mita 3 ne, rubu'insa santimita 75, kuma da wannan awon ake yanka sandar eriya.

Mai naɗi gwani ne, ba mai musun haka. Sai dai yakan ƙirga zagayen wayar da ta ƙone ne ya maimaita. Ɗalibi ana so ya lissafa adadin zagayen injin da ba a taɓa ƙerawa ba.

Laifin da ke akwai na masu hadda ne, waɗanda ke cin jarrabawa su fito ba su san dalilin kukan taransifoma ba. Ga ma'auni mai sauƙi: ɗalibi ya je wurin mai naɗi ya bayyana masa ƙa'idar Faraday da Hausa. Idan ya kasa, to, bai fahimce ta da Faransancin ba ma.