Filin Direbobi: Ƙara Wa Akori-Kura Sifirin

Duk direban da ya saba ɗaukar lodi daga Jalingo, ya bi ta Bali da Serti, ya hau dutsen Mambila daga Mayo Selbe zuwa Gembu, ya san irin wuyar da ƙarƙashin mota ke sha. Shi ya sa da yawa kan garzaya wurin makaniki a ƙara wa akori-kura falle ɗaya ko biyu na sifirin a baya, don ta ɗaga. Tun zamanin Fijo 404 ake haka, har zuwa Hilux ta yau.

To, amma fa jikin mota kaɗai sifirin ke ɗagawa. Ƙarfen nan da ya haɗa ƙafafun baya yana nan inda yake, sai dogayen tayoyi ke nisanta shi da ƙasa. Har wa yau, sifirin ba ya ƙara wa burki ƙarfi. Motar da aka ɗaga ainun, aka kuma jibga mata buhunan masara, ita ce mai saurin kifewa a kwanar gangare, kuma yawanci da fasinja zaune bisa kayan.

Wanda lalle sai ya ɗaga, ya tsaya a inci 2. Ya sayi na dama da na hagu tare, masu kauri da lanƙwasa iri ɗaya, ya guji na gwanjo da aka gasa da wuta aka sake lanƙwasawa, gama ƙarfinsa ya tafi. A sa shokazoba mai tsawon da ya dace, a kuma tabbata tiyon burki bai ɗame ba.