Matashi, zanen gida ba hoton Facebook ba ne

Idan kana cikin matasan da suka koyi AutoCAD ko SketchUp ko Revit a Kano, ka dawo Dambatta ko Bichi ko Kunchi da laftof a jaka, to da kai nake. Ka kama sana'a mai kyau, domin yau ko a ƙauye mai ginin bulo ya fara neman zane kafin a haƙa tushe. Sai dai yawancin zanen da ake nuna wa mutane kwafe ne daga intanet: ƙofar waje ta faɗa falo kai tsaye, manyan tagogin gilas suna kallon yamma, ba zaure, ba tsakar gida. A fuskar kwamfuta abin sai wanda ya gani. A watan Afrilu kuwa, ɗakin ya zama tanda.

Ka tuna inda kake. A yankin nan gona manne take da gona, gado ya yi ta yanka filaye har sun tsuke. Fulotin da za ka zana, jiya gero ake nomawa a kansa, kuma mai shi wataƙila shanu ya sayar ko amfanin damina uku ya tara. Layi ɗaya da ka ja ba daidai ba, a wajensa buhunan siminti ne.

Don haka kafin ka buɗe manhaja, ka zauna ka saurara. Mata nawa ne a gidan? In biyu ne, ɗakunansu su zo daidai, kada zanenka ya haddasa rigima. Ina zauren da baƙo zai tsaya? Ina turken awaki, ina wurin ajiye hatsi, ina madafar itace? Masai kada ya fuskanci alƙibla ko ya juya mata baya, kuma raminsa ya yi nesa da rijiya. Ruwan indararo kuma ina zai zuba, kwata ko katangar maƙwabci?

Sai ranar nuna zane. Nan ne da yawa ke faɗuwa, suna zaton launi shi ne aiki. Ka fitar da takarda biyu. Ta maigida mai launi ce, da sunan kowane wuri da Hausa, da gado da kujeru a ainihin girmansu, don ya ga ko ɗakin ƙafa 12 da 12 zai ɗauki kayan amarya. Ta birkila kuwa ba kwalliya: awo a fili, kaurin bango a bayyane, milimita 225 ga bulo mai inci 9, 150 ga mai inci 6. Ka sa kibiyar arewa, ka rubuta ma'auni. In 1:100 ne, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Ka buga a takardar A3, domin hoton da ka tura ta WhatsApp ba a auna shi da tef. Ka roƙi a kai wa uwargida ta duba, ita ce za ta wuni a ciki. Sannan ku je filin da igiya da turaku da toka, ku shata ɗakunan a ƙasa, maigida ya taka da ƙafarsa.

Za ka ce, ai mai kuɗin ne ya ce irin na Abuja yake so. Gaskiya ne, amma ido ne ya so, kai kuma ilimi aka biya ka. Ka nuna masa duka biyun, ka faɗa masa kuɗin kowanne da zafin kowanne, ya zaɓa da saninsa.

Kuma ka san iyakarka. Iya manhaja bai mai da kai akitek ba. Akwai hukumar ARCON mai yi musu rajista, akwai COREN ta injiniyoyi. In aikin bene ne ko dakin, ka nemi mai rajista, rai ba abin gwaji ba ne.

Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ba tare da kwamfuta ba. Ƙasarsa ya sani, da ruwanta da ranarta da mutanenta. Ka fara sanin waɗannan, sannan ka kunna laftof.