LIBARBA A ALJIHU BA ZA TA KORI 'YAN FASHI BA

A 'yan shekarun nan, duk inda aka zauna hira, ko a tashar mota ko a bakin kasuwa, in dai aka taɓo maganar 'yan fashin daji, ba a tashi sai wani ya ce da za a ba shi 'yar ƙaramar bindiga ya soke a ƙugu da ya huta. Ba talakawa kaɗai ke wannan magana ba. Cikin watan Maris na 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 Alhaji Aminu Bello Masari, yana Gwamnan Katsina, ya yi irin wannan kira. A watan Yuni na 2022 kuwa gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce wa mutanenta su nemi lasin riƙe bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar.

Ba wanda zai ga laifin mutumin da aka kore wa shanu, ko aka ɗauke wa 'ya, don ya yi sha'awar makami. Wanda ya tuna yaran Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a 2020, da 'yan matan Jangebe 279 a 2021, da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare ranar 28 ga Maris 2022, ya san tsoron jama'a ba na banza ba ne. Abin tambaya shi ne ko ƙaramar bindigar aljihu ita ce maganin wannan ciwo. Amsa kuwa, a'a, kuma dalilan suna da yawa.

Na farko shi ne doka. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce tushe, ta raba bindigogi kashi 3. Akwai bindigar toka, irin ta mafarauta wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, lasinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Akwai irin su mai baki biyu da bindigar harbin nama, lasinsu yana hannun Sufeto Janar. Sannan akwai waɗanda aka haramta, kuma a cikinsu ne aka sa fistol da libarba, jeri ɗaya da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta. Wannan kashi ba mai ba da izninsa sai Shugaban Ƙasa. Watau ko gwamna ba shi da ikon ba kowa, abin da Janar Lucky Irabor, yana Babban Hafsan Tsaro, ya tuna wa Zamfara ke nan a 2022. Wanda aka kama da irin wannan bindiga ba lasi, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ke jiransa. To, ɗan kasuwar da ya saya a ɓoye don tsoron ɓarawo ya guje wa gara ne ya faɗa gidan zago, domin tun daga ranar kowane shingen 'yan sanda ya zama abin fargaba a gare shi.

Na biyu shi ne ita kanta bindigar. Mutane da yawa suna zaton ƙarama ta fi sauƙin sarrafawa. Akasin haka ne. Gwargwadon rashin nauyinta, gwargwadon naushin da take yi wa hannu in an harba, kuma da yake bakinta gajere ne, 'yar karkatar da ba ta kai ta kawo ba sai ta kai harsashi wani wuri dabam. Ƙaramar libarba harsashi 5 ko 6 take ci, kuma amfaninta a hannun wanda ba gwani ba bai wuce 'yan taku kaɗan ba. Ɗan fashin daji kuwa AK-47 yake ɗauke da ita, mai cin harsashi 30 a ɗuri guda, mai kashe mutum daga nisan yadi 300, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, ayari suke yi a kan babura. Mai libarba da ya fito ya tare su bai kare garinsu ba, ya dai ba su dalilin ƙone shi.

Ko a ce ɓarawon gari ne mai wuƙa, lissafin bai faye daɗi ba. Tun a 1983 wani sajan na 'yan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar yadi 7 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, watau kusan lokacin da ƙwararre ke bukata kafin ya zaro bindiga ya harba. Ina ga mai babbar riga wanda tasa ke can ƙarƙashin taguwa? Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2008 a kan 'yan sandan birnin New York ya nuna cewa a lokacin musayar wuta, cikin harsashi 100 da suka harba wajen 18 ne kawai suka sami abin da aka nufa. Waɗannan fa masu horo ne. Sauran harsasan kuwa dole su sauka wani wuri, kuma a kasuwa irin ta Kantin Kwari ko unguwa mai cunkoso, wurin nan jikin wani bawan Allah ne.

Na uku shi ne abin da aka gani a ƙasar da ta fi kowa gwada wannan hanya. A Amurka, gyara na 2 da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ba mutane 'yancin riƙe makami. Kotun Ƙolinsu ta ce a 2008 wannan 'yanci na kowane mutum ne a gidansa, a 2022 ta ƙara da cewa har da fita da bindiga waje. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a can, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. Da bindiga ke kawo zaman lafiya, da Amurka ta fi kowa barci. Amma a 2021 kaɗai mutum 48,830 bindiga ta kashe a can, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Wani bincike da Dokta Arthur Kellermann ya buga a 1993 ya gano cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kisan kai kusan ninki 3, kuma galibi tsakanin dangi ne da makusanta. Ingila kuwa, bayan wani mai lasi ya harbe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Sikotilan a 1996, sai ta hana farar hula riƙe fistol a 1997.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ɓarawo sau ɗaya yake zuwa, ko ma bai zo ba har abada, amma bindiga kullum tana gida. Tana nan ranar da aka yi cacar baki a kan gado, tana nan ranar rikicin iyakar gona, tana nan ranar zaɓe, tana nan ranar da yaro ya buɗe akwatin ubansa. Faɗan da a da zai ƙare da mari ko sanda, a kai wa mai unguwa ya sasanta, sai ya ƙare da makara.

Masu goyon bayan bindiga suna cewa ai ɓarayi sun riga sun samu, mutanen kirki kawai doka ta ɗaure. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, kuma sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa gwargwadon bukata. Amma Zamfara ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa in kowa ya zama alƙalin kansa. 'Yan sa-kai sun fito da niyyar kare garuruwa, kashe-kashen da aka yi ba shari'a suka jawo ramuwar gayya, wutar ta ƙara ruruwa har gwamnati ta soke su. Kuma kowace bindiga da ta shiga gida tana iya fita ta hannun ɓarawo, ta koma daji.

Idan lalle sai jama'a sun taimaka wajen tsaro, to a yi shi da tsari. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Irin waɗannan suna iya amfani muddin an tantance kowa ta hannun dagaci da hakimi, an yi masa horo, an rubuta lambar makaminsa, ana ƙirga harsashin da aka ba shi, kuma akwai kotun da za ta hukunta shi in ya yi zalunci. Dokar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka sa wa hannu a 2024 kada ta tsaya a takarda. A toshe kan iyaka, a kuma binciki rumbunan gwamnati da makamai ke sulalewa daga cikinsu.

Shugaban da ya ce wa talaka ya nemi bindiga ya sauke nauyin da ya yi rantsuwa zai ɗauka ne, alhali shi yana tafe da motocin 'yan sanda gaba da baya. Abin da ya kamata jama'a su nema wurin wakilansu shi ne caji ofis mai mota da mai, da wayar da za a buga a ɗauka, da sojan da zai iso kafin gari ya waye. Kuɗin libarba kuwa, gara mai gida ya sa shi a ƙofar ƙarfe da fitilar titi da kuɗin sintirin unguwa. Allah ya ba ƙasar nan zaman lafiya, amin.