Ra'ayinmu: A Bar Waƙa Ta Kai Ƙarshe

Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Yawancinmu ɗalibai ba mu taɓa ganin ko ɗayansu ba. A filayen waƙoƙin gargajiya na rediyo muka san muryoyinsu.

Shi ya sa abin da wasu masu gabatarwa ke yi yake ci mana tuwo a ƙwarya. Za a sako Bakandamiyar Narambaɗa, kotso ya ɗau zafi, 'yan amshi sun karɓa, sai a rage sauti a shiga jero gaisuwa ga abokai da surukai. Kafin a gama, lokacin talla ya yi, an datse waƙar.

Wasu masu sauraro na cewa gaisuwar ce ke jawo jama'a, tallan kuma shi ke biyan kuɗin filin. Ba mu musa ba. Amma ana iya yin su kafin waƙa ko bayanta.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. A faɗi sunan mawaƙi da wanda aka yi wa waƙar. A gaya mana kalangu ne, kotso ne ko kuntigi. A warware mana tsofaffin kalmomin da suka shige mana duhu, domin adabin baka na cikin jarrabawar Hausa da ke gabanmu.

Malamanmu na Hausa, ku taya mu rubuta wa gidajen rediyo wannan koke.